Mutuwar Kan Ƙashin Cinya da Dashen Ƙashi: Darasi Daga Gwaji a Kan Dabbobi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a Maiduguri, da wuya a ce bai san wani saurayi ko wata budurwa mai amosanin jini, wato sikila, da ke tafiya da ɗingishi ba. Idan aka tambayi dalili, amsar da aka fi bayarwa ita ce sanyin ƙashi, wasu kuma su ce targaɗe ne ko iska. Sau da yawa abin da ke faruwa a jikin ya wuce haka: kan ƙashin cinya ne ya mutu saboda jini ya daina isa gare shi.

Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ƙashi ke mutuwa, da yadda likitocin tiyata ke ƙoƙarin ceto shi ta hanyar dashe, da kuma abin da aka gano game da dashen a jikin dabbobi kafin a kawo shi kan ɗan Adam. Daga ƙarshe za a duba kalmomin da ɗalibin Hausa zai yi amfani da su wajen isar da wannan ilimi. Abin da ake son mai karatu ya riƙe shi ne, dashen ƙashi yana da amfani ne tun kafin kan ƙashin ya rufta, kuma majinyaci ba zai zo asibiti a kan lokaci ba sai ya fahimci abin da ke damunsa.

2.0 Ƙashi Abu Ne Mai Rai

Mun saba ganin ƙashi a bushe, bayan an cinye nama an jefar, shi ya sa muke ɗaukarsa tamkar dutse. A jikin mai rai kuwa, ƙashi cike yake da ƙwayoyin halitta da ɓargo da ƙananan jijiyoyin jini. Akwai ƙwayoyin da aikinsu shi ne rushe tsohon ƙashi, akwai kuma waɗanda ke gina sabo a gurbinsa, kuma wannan aiki ba ya tsayawa har ƙarshen rayuwa. Da wannan ne karaya ke haɗewa bayan mai ɗori ya daidaita ta.

Gaɓar kwatangwalo ta yi kama da turmi da taɓarya. Ƙashin kwatangwalo yana da rami, shi kuma ƙashin cinya yana da kai mulmulalle da ke juyawa cikin ramin, guringuntsi mai santsi ya lulluɓe shi. Tsakanin kan da sauran ƙashin akwai wuya. Yayin tafiya, nauyin da ke sauka a kan wannan gaɓa yakan kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikin mutum. Duk da wannan aiki, hanyoyin jininsa kaɗan ne. Mafi yawan jinin yana hawowa ne ta wasu 'yan jijiyoyi da suka bi ta jikin wuyan. Idan suka toshe ko suka tsinke, babu wata babbar hanya ta biyu, kamar garin da gada ɗaya tak ta haɗa shi da sauran garuruwa.

3.0 Yadda Kan Ƙashin Ke Mutuwa

Manyan dalilan da ke tsayar da jinin su ne: karayar wuyan ƙashin cinya, gocewar gaɓar kwatangwalo a haɗarin mota, yawan shan giya, daɗewa ana shan magungunan sitiroyid, da kuma amosanin jini. Batun sitiroyid ya shafe mu sosai, domin wasu daga cikin magungunan ƙiba da ake kira sha-ka-fashe suna ɗauke da shi, kuma ana sayen su ba tare da takardar likita ba.

Amosanin jini shi ne dalilin da ya fi damun ƙasarmu. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2006 ya ce kashi 24 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna ɗauke da iri ɗaya na ƙwayar gadon cutar, kuma ana haihuwar yara kusan 150,000 da cutar kanta a kowace shekara. Jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila sukan lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su cushe ƙananan jijiyoyi. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 1991 ya sami mutuwar kan ƙashin cinya a jikin kusan 10 cikin 100 na masu cutar da aka duba, kuma adadin yana ƙaruwa yayin da shekaru ke ƙaruwa.

Da zarar jini ya tsaya, ƙwayoyin ƙashin sukan mutu cikin kamar kwana biyu, amma ƙashin kansa yana nan tsaye da siffarsa har tsawon watanni. Matsalar tana ɓullowa ne lokacin da jiki ya fara gyara. Ƙwayoyi masu rushewa sukan riga masu gini, sai wurin ya yi rauni alhali mutum yana ci gaba da taka ƙafar. Likitocin Faransa biyu, Paul Ficat da Jacques Arlet na birnin Tulus, sun kasa ciwon zuwa matakai huɗu:

(a) Mataki na ɗaya: akwai ciwo a matsematsi ko cinya, wani lokaci har gwiwa, amma hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna komai. Na'urar MRI ce ke iya gano shi.
(b) Mataki na biyu: hoton yana nuna canji a cikin ƙashin, amma kan yana nan a mulmule.
(c) Mataki na uku: ƙashin da ke ƙarƙashin guringuntsi ya tsage, kan ya fara lotsawa. Tsagar takan fito a hoto kamar jinjirin wata.
(d) Mataki na huɗu: gaɓar ta lalace gaba ɗaya, har ramin kwatangwalon ya taɓu.

A mataki na ƙarshe, mafita ita ce a sauya gaɓar da ta ƙarfe da roba, irin aikin da John Charnley ya inganta a Ingila a 1962. Aikin yana da tsada, kuma gaɓar roba tana cinyewa da amfani, don haka wanda aka yi wa yana ɗan shekara 20 akwai yiwuwar a sake yi masa wani nan gaba. Wannan ne ya sa likitoci suka daɗe suna neman hanyar ceto kan ƙashin tun yana mataki na ɗaya ko na biyu.

4.0 Ma'anar Dashen Ƙashi da Ire-irensa

Dashen ƙashi shi ne a ɗebo ƙashi daga wani wuri a sanya shi inda ya mutu ko ya ɓace. Mai lambu ya san irin wannan aiki a auren mangwaro, inda ake haɗa reshen wata bishiya da gindin wata har su zama abu guda. Ana iya ɗebo ƙashin daga jikin majinyacin kansa, ko daga jikin wani mutum bayan an tsabtace shi an adana, ko a yi amfani da wani sinadari da aka sarrafa ya yi kama da ƙashi.

Dashen yana yin ayyuka uku. Na farko, yana tokare saman kan ƙashin kamar yadda ginshiƙi ke tokare azara. Na biyu, yana zama hanyar da sababbin jijiyoyin jini za su bi su shiga. Na uku, yana kawo ƙwayoyi da sinadarai masu tayar da ginin sabon ƙashi. Hanyoyin da aka fi sani wajen yin sa a kan ƙashin cinya su ne:

(a) Huda: a huda rami daga gefen cinya, ta cikin wuya, har zuwa inda ya mutu, domin rage matsin da ke ciki. Ficat da Arlet ne suka yaɗa wannan hanya tun daga shekarun 1960.
(b) Huda da tokari: bayan hudar, a cusa dogon yanki na ƙashi cikin ramin. Dallas Phemister na birnin Shikago ya bayyana wannan a 1949, da ƙashin da aka yanko daga ƙwauri.
(c) Buɗe ƙofa: a ɗaga wani yanki na guringuntsin kamar murfi, a kwashe mataccen ƙashin, a cike gurbin da rayayye, a mayar da murfin.
(d) Dashe mai jijiya: a ciro siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri tare da jijiyoyinsa na jini, a ɗinke su da wasu jijiyoyi na cinya a ƙarƙashin madubin likita.
(e) Dashen ɓargo: a zuƙo ɓargo daga ƙashin kwatangwalo, a tace shi, a ɗura cikin ramin hudar.

5.0 Abin da Aka Koya Daga Dabbobi

Ba zai yiwu a ciro kan ƙashin mutum bayan wata uku don a ga yadda dashe ya kama ba. A jikin dabba kuwa ana iya haddasa ciwon, a yi dashen, sannan a yanka ƙashin siriri-siriri a duba shi mataki bayan mataki.

5.1 Zomo da ɓera

Louis Ollier na birnin Liyon a Faransa ya wallafa littafi a 1867 kan gwaje-gwajen da ya yi da dabbobi, inda ya nuna cewa tantanin da ke lulluɓe ƙashi yana iya samar da sabon ƙashi. Kusan shekara ɗari bayan haka, a 1965, Marshall Urist na Amurka ya jiƙa ƙashi a sinadari har taurinsa ya narke, ya binne abin da ya rage cikin tsokar zomaye da ɓeraye. Bayan 'yan makonni sai ga sabon ƙashi ya tsiro a tsakiyar tsoka. Daga nan aka gane akwai wani sinadari a cikin ƙashi da ke umartar ƙwayoyin jiki su yi gini, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da BMP. A 1997 kuma, Takuaki Yamamoto da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa allurar sitiroyid mai ƙarfi guda ɗaya tana iya kashe wani ɓangare na ƙashin zomo cikin 'yan makonni. Wannan ya ƙarfafa zargin da ake yi wa maganin, ya kuma ba masu bincike hanya mai sauƙi ta samar da ciwon.

5.2 Kare

Kare shi ne dabbar da ta fi ba da gudummawa a fagen dashe. A 1954, Michael Bonfiglio na Jami'ar Ayowa ya haddasa mutuwar kan ƙashin cinya a karnuka, ya gwada huda da dashe, domin ganin yadda suke buɗe wa sababbin jijiyoyi hanya zuwa cikin mataccen wuri. A 1975, William Enneking da abokan aikinsa suka bi diddigin dashe marar jijiya a ƙafar karnuka, suka ga yana yin rauni daga mako na shida har zuwa wata na shida, sai wajen shekara guda ƙarfinsa ke dawowa. Dalili shi ne, yawancin ƙwayoyin irin wannan dashe sukan mutu, sai jiki ya riƙa rushe shi yana gina nasa a hankali, kamar maginin da ke sauya tubalan katanga ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya kayar da ita ba. Saboda haka ne likita ke hana majinyaci taka ƙafa na tsawon lokaci bayan aiki, ko da ya daina jin ciwo.

Neman kauce wa wannan rauni ne ya haifar da dashe mai jijiya. A 1974, Leif Östrup da John Fredrickson suka ɗauke haƙarƙarin kare tare da jijiyoyinsa suka dasa a muƙamuƙinsa, ƙashin kuma ya ci gaba da rayuwa. Shekara ɗaya bayan haka, Ian Taylor na Ostireliya ya ba da rahoton irin wannan aiki a jikin mutum da siririn ƙashin ƙwauri. Daga baya James Urbaniak na Jami'ar Duke a Amurka ya shahara da amfani da shi wajen ceto kan ƙashin cinya. A 2001 kuma, Michael Mont da abokan aikinsa suka gwada hanyar buɗe ƙofa a karnuka, suka haɗa dashen da wani nau'in BMP, suka ga ramukan da aka sa wa sinadarin sun fi saurin cikewa.

5.3 Tunkiya, alade da emu

An yi amfani da tumaki saboda girman ƙashinsu ya kusa na mutum, ana iya gwada kayan tiyata iri ɗaya a kansu. Da 'ya'yan alade kuma aka nazarci irin ciwon da ke kama yara, ta hanyar ɗaure wuyan ƙashin har jini ya tsaya. Sai dai akasarin dabbobi masu ƙafa huɗu suna da matsala guda: kan ƙashinsu ba ya yawan ruftawa kamar na mutum. Kare yana ɗora kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba, kuma idan ta baya ɗaya ta yi ciwo sai ya ɗage ta ya tafi da uku.

Wannan ya sa masu bincike a jihar Ayowa, ciki har da Michael Conzemius da Thomas Brown, suka koma ga emu, wani babban tsuntsu na Ostireliya mai kama da jimina. Emu yana tafiya da ƙafa biyu, dole ya taka mai ciwon. A rahotonsu na 2002 sun daskarar da kan ƙashin da tsananin sanyi, suka kuma ɗaure jijiyoyinsa, sai mafi yawan tsuntsayen suka gurgunce, ƙashin ya lotse irin yadda na mutum ke yi. Wannan ya nuna irin rawar da nauyin jiki ke takawa wajen ruftawar mataccen ƙashi.

6.0 Iyakar Gwajin Dabbobi

Bahaushe ya ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Nasara a jikin dabba ba ta isa hujja ba sai an ga yadda abin zai kasance a jikin mutum. Dabbar gwaji yawanci matashiya ce mai lafiyayyen jini, an kashe ƙashinta a rana guda, daga nan jikinta ya shiga gyara. Mai amosanin jini kuwa jijiyoyinsa suna iya sake toshewa bayan aiki, sau da yawa ciwon yana kama kwatangwalo biyu, kuma tiyata kanta tana da haɗari a gare shi, tana buƙatar shiri na musamman da tanadin jini. Ko a gwajin 2001 da aka ambata, rami aka haƙa a lafiyayyen ƙashi, wanda ya bambanta da ƙashin da ya mutu don kansa.

Binciken da aka yi kan mutane ya tabbatar da buƙatar wannan taka-tsantsan. A 2006, Lynne Neumayr da abokan aikinta a Amurka suka kwatanta masu sikila da aka yi wa huda tare da gashin ƙashi, da waɗanda aka yi wa gashin ƙashi kaɗai. Bayan kusan shekara uku ba a ga hudar ta ƙara wani amfani ba. A Faransa kuma, Philippe Hernigou, wanda ya daɗe yana kula da masu sikila a kusa da Faris, ya ba da rahoto a 2002 cewa dashen ɓargo ya fi yin nasara nesa ba kusa ba a kwatangwalon da bai rufta ba. Kusan duk hanyoyin da aka lissafa a sama sun haɗu a kan wannan sharaɗi na lokaci.

Akwai kuma haƙƙin dabbar. Tun 1959, William Russell da Rex Burch na Ingila suka shimfiɗa ƙa'idoji uku da masu bincike ke bi: a nemi wata hanya a madadin dabba idan akwai, a rage yawan dabbobin da za a yi amfani da su, a kuma sauƙaƙa musu wahala.

7.0 Maiduguri da Aikin Ɗalibin Harshe

Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, tana da tsangayar likitancin dabbobi da kwalejin likitancin mutane, ga kuma asibitin koyarwa da aka buɗe a 1983. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ke aiki tun 1959. Masu zuwa waɗannan asibitoci yawancinsu da Hausa ko Kanuri ko Larabcin Shuwa suke bayyana ciwonsu, likita kuma da Turanci ya yi karatunsa. A wannan giɓi ne aikinmu yake. Littafin Hausa Metalanguage da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya samar wa nazarin harshe da adabi keɓaɓɓun kalmomi, kuma irin wannan hidima ce fannin ƙashi ke buƙata. Ga wasu kalmomi da aka yi amfani da su a wannan maƙala, domin a tattauna a kansu:

Kan ƙashin cinya: ya fi "ƙashin ƙugu" fayyace wurin, domin ƙugu a bakin jama'a ya haɗa har da ƙasan baya.
Mutuwar ƙashi: ta fi "ruɓewar ƙashi" dacewa, domin ruɓewa tana kawo tunanin ƙwayar cuta da mugunya, alhali yankewar jini ce. Amma dole a biyo ta da bayani, kada majinyaci ya ɗauka yanke ƙafar za a yi.
Dashe: an aro ta daga noma, ta kuma zauna a "dashen ƙoda". Ta bambanta da ɗori, wanda shi haɗa karaya ne.
Ruftawa: an aro ta daga gini da rijiya, tana kuma nuna cewa abin da ya auku ba ya komawa yadda yake.

Akwai jan hankali na musamman ga mu da Hausa ba ita ce harshenmu na farko ba. Kalmar ƙashi da ƙ mai lanƙwasa take. Idan aka furta ta ko aka rubuta ta da k, ma'anar takan koma bayan gida ko rabo. Mai fassara takardar faɗakarwa ko mai gabatar da shirin rediyo ba shi da uzuri a wannan.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kan ƙashin cinya yana mutuwa ne idan jini ya yanke masa, kuma amosanin jini na cikin manyan dalilai a ƙasarmu. Gwaji a kan zomo da kare da emu ya bayyana yadda dashe ke kamawa, da lokacin da yake yin rauni, da yadda nauyin jiki ke rufta mataccen ƙashi. Binciken mutane kuma ya nuna cewa amfanin dashe ya ta'allaƙa ne ga zuwa da wuri. Saƙon da ya kamata mu iya faɗa da Hausa mai sauƙi shi ne: mai sikila ko mai shan sitiroyid da ya ji ciwo a matsematsi ko cinya wanda ya ƙi tafiya, ko ya ga zaman tahiya da tanƙwashe ƙafa sun fara yi masa wuya, ya nemi likitan ƙashi tun kafin ɗingishi ya zauna masa.

Jinga

1. Bambanta ma'anar ɗori da dashe da aure, tare da misali a cikin jimla.
2. Me ya sa masu bincike suka koma ga emu bayan sun daɗe suna aiki da kare?
3. Rubuta sanarwar rediyo ta minti ɗaya a kan wannan ciwo, sannan ka fassara ta zuwa harshenka na gida.